Édouard-Alfred Martel

Édouard-Alfred Martel (an haife shi a ranar 1 ga watan Yuli, 1859, ya mutu a ranar 3 ga watan Yuni, 1938) lauya ne ɗan ƙasar Faransa, matafiyi kuma marubuci, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin binciken kogwanni na zamani. Daga shekarar 1888 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga kogwanni da ramukan dutse kimanin 1,500 a Faransa da wasu ƙasashe, ciki har da Girka, Ostiriya, Ireland, Ingila, Sifaniya, Beljiyam, Rasha da Amurka. Ya auna da yawa daga cikinsu, ya kuma zana taswirarsu. An fi saninsa da gano kogin ƙarƙashin ƙasa na Padirac a 1889, da doguwar tafiyarsa ta 1895 zuwa Ireland da Ingila, inda ya zama mutum na farko da ya sauka har ƙasan ramin Gaping Gill. Bincikensa ya nuna cewa mushen da ake jefawa cikin ramukan dutse yana gurɓata ruwan da mutane ke sha a maɓuɓɓuga, kuma wannan ya taimaka wajen kafa dokar hana yin haka a Faransa a 1902.

Farkon rayuwa da ilimi

An haifi Martel a garin Pontoise, arewa maso yamma da birnin Paris, a gidan lauyoyi. Ya yi karatun sakandare a makarantar Condorcet da ke Paris. Tun yana yaro yake son darasin labarin ƙasa, har ya zo na ɗaya a wannan fanni a gasar makarantun sakandare ta 1877. Yana kuma yawan karanta littattafan Jules Verne, marubucin labaran tafiye-tafiye.

Yana ɗan shekara 7, a 1866, iyayensa suka kai shi kogon Gargas a tsaunukan Pyrenees lokacin hutu. A 1879 ya ziyarci kogon Adelsberg, wanda a wancan lokaci yake cikin daular Ostiriya. Yanzu ana kiransa Postojna, kuma yana cikin ƙasar Sloveniya. Duk da wannan sha'awa, sana'ar gidansu ya bi. Ya karanta shari'a, ya yi aikin soja na dole, kuma a 1886 ya fara aikin lauya a kotun kasuwanci ta yankin Seine a Paris. Sai lokacin hutu yake samun damar fita yawo a duwatsu.

A watan Yuli na 1890 ya auri Aline de Launay, 'yar'uwar Louis de Launay, farfesan ilimin duwatsu. Wannan dangantaka ta amfane shi ƙwarai, domin surukin nasa ya taimaka masa wajen ɗora abin da yake gani a ƙarƙashin ƙasa bisa ma'aunin kimiyya.

Irin ƙasar da ya yi bincike a cikinta

Yawancin manyan kogwannin duniya suna cikin dutsen farar ƙasa, wato irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sarari da kuma daga ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Idan ya ratsa tsagar irin wannan dutse, yakan narkar da shi a hankali. Bayan dubban shekaru tsagar takan zama hanya, hanyar ta zama ɗaki, wani lokaci kuma rufin ɗakin ya rufta ya bar rami buɗe a sama. Wannan ya bambanta da duwatsu masu tauri irin na Kwatarkwashi a Zamfara, waɗanda ruwa ba ya narkar da su, don haka mafakar da ake samu a cikinsu galibi tsaga ce ko sarari tsakanin manyan duwatsu.

A kudancin Faransa akwai wasu faffaɗan tuddai na farar ƙasa da ake kira Causses, waɗanda kogunan Tarn, Jonte da Dourbie suka yanka da kwazazzabai masu zurfi. Saman tuddan busasshe ne, domin ruwa yana nutsewa nan take, sai ya fito a maɓuɓɓugai a gindin kwazazzabo. Makiyayan yankin suna tsoron ramukan, suna danganta su da Shaiɗan, kuma a cikinsu suke zubar da dabbar da ta mutu. Tun daga 1883 Martel ya mai da hankalinsa ga wannan yanki.

Binciken farko a Faransa

A ranakun 27 da 28 ga watan Yuni, 1888, Martel da abokansa suka bi wani ƙaramin kogi mai suna Bonheur, wanda ke nutsewa cikin dutse kusa da ƙauyen Camprieu ya fito a wani wuri da ake kira Bramabiau. Ma'anar sunan a harshen yankin ita ce sa mai kuka, saboda rugugin ruwan. Sun shiga ta inda ruwan ke nutsewa, suka fita ta inda yake fitowa, bayan tafiyar fiye da kilomita 1 a cikin duhu. Faransawa suna ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin binciken kogwanni a ƙasarsu. A cikin watan ne kuma ya binciki kogon Dargilan a kwazazzabon Jonte.

A ranar 9 ga watan Yuli, 1889, ya sauka ramin Padirac a lardin Lot tare da ɗan'uwansa Gabriel Gaupillat, da Émile Foulquier da Louis Armand. Bakin ramin ya haura mita 30 a faɗi, zurfinsa kuma mita 75. Daga ƙasan ramin suka gangara ta wata hanya, suka tarar da kogi a zurfin mita 103. Da ƙaramin kwalekwale suka bi shi, kuma a cikin ziyarorin farko suka kai kusan kilomita 2. Daga baya aka sa matakala, aka ƙaddamar da wurin ga masu yawon buɗe ido a 1899.

Louis Armand maƙeri ne daga ƙauyen Le Rozier, kuma shi ne ya zama na hannun daman Martel na shekaru da yawa. A watan Satumba na 1897 Armand ya gano wani rami a tudun Méjean. Da suka sauka, sai suka iske babban ɗaki mai ginshiƙan farar ƙasa fiye da 400, waɗanda ɗigar ruwa ta gina daga ƙasa zuwa sama, mafi tsawonsu ya kai mita 30. Martel ya sa wa ramin sunan maƙerin, har yau Aven Armand ake kiransa.

Kayan aiki da hanyar bincike

Martel yana sauka rami ne da tsanin igiya mai matakan katako, ko kuma ya zauna a kan sanda da aka ɗaure a bakin igiya, mutane su riƙa sassauta ta daga sama, kamar yadda ake saukar da mai yasar rijiya. Kayan suna da nauyi sosai, sai an ɗauko su a keken shanu an kuma ɗauki 'yan ƙauye aiki. Haskensa kyandir ne da yake maƙalawa a hularsa, idan kuma ya shiga babban ɗaki sai ya kunna zaren magnesiyam mai tsananin haske. Yana tafiya da kwalekwalen tamfol mai naɗewa, ƙirar Amurka, da wayar tarho mai doguwar waya don magana da na sama. Yana ɗauke da kamfas, da igiyar awo, da ma'aunin zafi, da ma'aunin nauyin iska wanda yake ƙiyasta zurfi da shi.

Akwai waɗanda suka riga shi shiga kogo don bincike, musamman Adolf Schmidl, wanda ya yi aiki a yankin Adelsberg a shekarun 1850. Abin da Martel ya ƙara shi ne tsari da naci: fita kowace shekara, auna kowane wuri, zana shi, sannan buga sakamakon don kowa ya gani. A 1894 ya fitar da littafinsa Les Abîmes, wato ramuka masu zurfi, inda ya bayyana kogwanni 230. A 1895 ya kafa ƙungiyar masu binciken kogo a Paris, da mujallarta mai suna Spelunca. Kalmar Faransanci da ake kiran wannan ilimi da ita Émile Rivière ne ya ƙirƙiro ta a 1890, amma ta hannun Martel ta yaɗu.

Tafiyar Ireland da Ingila, 1895

Martel ya fara fita ƙasashen waje don bincike tun 1891, lokacin da ya je kudancin Girka ya duba ramukan da ke haɗiye ruwan fadamu. A 1893 ya koma Adelsberg ya bi kogin Pivka a ƙarƙashin ƙasa, ya wuce har Bosniya da Montenegro. Amma tafiyar da ta fi fito da sunansa a waje ita ce ta bazarar 1895, wadda ya yi tare da matarsa.

A Ireland ya haɗu da Lyster Jameson, wani matashi masanin halittu daga Dublin. A lardin Fermanagh akwai wurin da ake kira Marble Arch, inda rafuka uku daga tsaunin Cuilcagh ke nutsewa su haɗu a ƙarƙashin ƙasa, sannan su fito a matsayin kogi ɗaya. Mutanen wurin sun san bakin kogon, amma ruwa ya hana su shiga ciki. Martel da Jameson suka saka kwalekwalen tamfol, suka bi hanyoyi kimanin mita 300 da hasken kyandir, suka kai mahaɗar rafukan, suka zana taswirar farko ta wurin. Martel ya faɗa tun a lokacin cewa kogon ya cancanci a buɗe shi ga jama'a, amma hakan bai tabbata ba sai a 1985, shekara 90 bayan ziyararsa. A wannan lardi ya sauka kimanin mita 20 cikin ramin Noon's Hole, ya kuma auna kogon Mitchelstown a lardin Tipperary.

Daga nan ya tsallaka Ingila. Baya ga kogwannin Derbyshire da ya duba a wannan tafiya, ya nufi tsaunin Ingleborough a Yorkshire, inda ramin Gaping Gill yake. Zurfin ramin kimanin mita 100 ne, kuma wani rafi mai suna Fell Beck yana zubawa kai tsaye a cikinsa, abin da ya sa sauka ta zama kasada da rai. A 1842 wani mutumin yankin, John Birkbeck, ya sa an saukar da shi da igiya, amma ya tsaya a kan wani tudun dutse a zurfin kimanin mita 55, wanda har yanzu ake kira da sunansa.

Martel ya samu izinin iyalin Farrer, masu ƙasar, aka haƙa kwata don karkatar da yawancin ruwan rafin. A ranar 1 ga watan Agusta, 1895, ya sauka shi kaɗai a kan tsanin igiya, da igiyar tsaro a ƙugunsa, sauran ruwan yana zubo masa. Saukar ta ɗauke shi minti 23. A ƙasa ya tarar da ɗaki wanda tsawonsa ya haura mita 100, tsayinsa kuma kimanin mita 30, ɗaya daga cikin mafi girma a Birtaniya. Ya zaga shi, ya yi awo, ya zana, sannan ya hau yana jiƙe sharkaf cikin sanyi. Zanen da ya yi cikin ɗan wannan lokaci bai yi nisa da awon da aka yi daga baya ba.

Labarin ya zaburar da Turawan Ingila. Ƙungiyar Yorkshire Ramblers' Club, wadda ita ma take shirin sauka ramin, ta cim ma hakan a 1896 ta hannun Edward Calvert, kuma mambobinta ne suka ci gaba da binciken Marble Arch a 1907 da 1908. Martel ya rubuta labarin tafiyar a littafin Irlande et cavernes anglaises, wanda ya fito a 1897.

Mallorca, Kokasas da Amurka

A 1896 Yarima Ludwig Salvator na gidan sarautar Ostiriya, wanda ke zaune a tsibirin Mallorca na Sifaniya, ya gayyace shi ya binciki kogon Drach kusa da Porto Cristo. A watan Satumba Martel da Armand suka wuce iyakar da aka sani, suka gano wani tafki mai tsawon fiye da mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ruwansa yake da ɗan gishiri saboda kusancin Bahar Rum. Martel ya sa masa suna Miramar, sunan gidan yariman, amma daga baya aka mayar da shi Tafkin Martel. A wannan tafiya ya ratsa yankin Kataloniya, inda aikinsa ya ja hankalin Norbert Font i Sagué, wanda ya kafa harsashin binciken kogo a can.

A 1899 ya ajiye aikin lauya gaba ɗaya ya duƙufa kan bincike, ya kuma koyar da darasin labarin ƙarƙashin ƙasa a jami'ar Sorbonne. A 1903 ministan gona na Rasha, Alexei Yermolov, ya gayyace shi ya duba gaɓar Bahar Aswad a yankin Kokasas, wadda gwamnati ke son rayawa. Ya binciki maɓuɓɓugai a kewayen Sochi da Gagra, ya hau tsaunin Arabika ya sauka ɗaya daga cikin ramukansa. A wannan tsauni ne daga baya aka gano kogwannin Krubera da Veryovkina, waɗanda zurfin kowannensu ya wuce mita 2,000, kuma su ne mafi zurfi da aka sani a duniya.

A watan Agusta na 1905 ma'aikatar gona ta Faransa ta tura shi nazarin ruwa a kudu maso gabashin ƙasar. Tare da Armand da wani malamin makaranta mai suna Isidore Blanc, ya bi kwazazzabon kogin Verdon daga farko har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba. A 1910 shi da wasu masana biyu na Beljiyam suka buga littafi kan kogwannin ƙasar. A 1912 ya je Amurka, ya kwana 3 yana awon zurfi a kogon Mammoth da ke jihar Kentucky.

Yaƙi da gurɓatar ruwan sha

A 1891 Martel ya sauka ramin Berrie a lardin Lot, ya tarar da ruɓaɓɓen mushen maraƙi a cikin ruwa. Bayan ya fito ya sha ruwan wata maɓuɓɓuga da ke kusa, ashe daga ramin ruwan ke zuwa. Ya kwanta ciwo na kusan wata 2. Wannan ya sa ya mai da batun ruwan sha babban abin da ya sa a gaba.

A lokacin mutane sun yarda cewa duk ruwan da ya ɓuɓɓugo daga dutse tsarkakakke ne. Martel ya nuna cewa yashi yana tace ruwa saboda a hankali yake ratsa shi, amma a dutsen farar ƙasa ruwa yana gudu ne a cikin buɗaɗɗun hanyoyi kamar lambatu, don haka ƙazantar da ta shiga ta sama takan fito ƙasa yadda take. Da yawa daga cikin abin da ake kira maɓuɓɓuga, a bayaninsa, rafi ne da ya nutse a wani wuri ya sake fitowa. Ya danganta ɓarkewar zazzaɓin taifod a wasu garuruwa da wannan, ya yi ta rubuce-rubuce da laccoci a kai.

Wani hatsari ya ƙarfafa hujjarsa. A watan Agusta na 1901 gobara ta tashi a masana'antar giya ta Pernod a garin Pontarlier, giyar ta malala cikin kogin Doubs. Bayan kwana 2 aka ji warinta a maɓuɓɓugar kogin Loue, mai nisan kilomitoci a ƙetaren tudu. A 1910 Martel da Eugène Fournier suka tabbatar da haɗin kogunan biyu ta hanyar zuba koren rini a Doubs, ya fito a Loue.

Dokar kiwon lafiyar jama'a ta ranar 15 ga watan Fabrairu, 1902, ta ƙunshi sashe na 28, wanda ya haramta jefa mushe, sharar mahauta, taki da sauran ƙazanta cikin ramuka da tsagogin dutse. Masu binciken kogo a Faransa suna kiran wannan sashe dokar Martel.

Saɓani da sauran masana

Martel ya yi jayayya mai tsawo da Alfred Grund, masani ɗan Ostiriya, wanda a 1903 ya ce akwai wani mataki a ƙarƙashin dutsen farar ƙasa inda ruwa ya cika dukkan tsagogi. Martel ya ƙi yarda, ya tsaya a kan cewa koguna ne kawai masu bin hanyoyinsu daban-daban, domin su ya gani da idonsa. Binciken baya, musamman na masu nutso da tukunyar iska, ya nuna cewa kowannensu yana da rabin gaskiya: akwai hanyoyin ruwa kamar yadda Martel ya ce, akwai kuma cikakken yanki na ruwa a ƙasa da su. Duk da yawan rubuce-rubucensa, ba a zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ba.

Ƙarshen rayuwa da mutuwa

Martel ya shugabanci mujallar kimiyya ta La Nature daga 1905 zuwa 1909. Yaƙin 1914 ya kawo ƙarshen fitarsa ta shekara-shekara, ƙungiyar da ya kafa ma ta dakata da aiki. Daga nan ya koma ga rubutu. A 1921 ya buga babban littafinsa kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, a 1928 da 1930 ya fitar da La France ignorée cikin juzu'i 2, sannan Les Causses majeurs a 1936. A 1928 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Labarin Ƙasa ta Paris.

Ya mutu a ranar 3 ga watan Yuni, 1938, a Saint-Thomas-la-Garde kusa da Montbrison a lardin Loire, yana da shekara 78. An binne shi a maƙabartar Montmartre a Paris.

Abin da ya bari

Matasan da suka biyo bayansa, irin su Robert de Joly da Norbert Casteret, sun ɗauke shi malami. De Joly ya farfaɗo da ƙungiyar masu binciken kogo a 1930, ya kuma maye gurbin tsanin igiya mai nauyi da na siririn ƙarfe. A 1963 aka kafa Tarayyar Binciken Kogo ta Faransa, wadda har yanzu take buga mujalla da sunan Spelunca.

Padirac, Dargilan, Bramabiau, Aven Armand, Drach da Marble Arch duk a buɗe suke ga maziyarta a yau, kuma sun zama hanyar samun kuɗin shiga ga yankunan da a da talauci ya yi musu katutu. Tafkin Drach da hanyar ƙafa ta kwazazzabon Verdon suna ɗauke da sunansa. Zuba rini don gano inda ruwa ke fitowa, da keɓe fili a kewayen maɓuɓɓuga don kare ta daga ƙazanta, sun zama aikin yau da kullum ga hukumomin ruwa a ƙasashen da ke da dutsen farar ƙasa.